Ranar da Canela Ta Yi Azumi

Tun kafin gari ya gama wayewa Herminia Quiroz ta fito da baronta, igiyoyi rataye a wuya, tana bin gida-gida a unguwar tudu. Ba ta tsayawa doguwar gaisuwa. Ta buga ƙyaure ta ce, "Karenku," a miƙo, ta ɗaure, ta yi gaba. Tsere take yi da hayaƙi. A garin nan da zarar an ɗora kaskon wainar masara a wuta, ta farkon da ta fito, mai ƙonannen gefe, ta kare ce. Haka kowa ya tashi ya tarar. Ga shi yau ce ranar da likitocin ƙungiyar taimakon dabbobi ke zuwa, sau ɗaya a shekara, su yi wa karnuka aikin hana haihuwa kyauta. Sharaɗinsu ɗaya ne: kare ya zo da ciki wayam. Wanda ya ci, allurar barci kan sa shi amai, aman ya shaƙe shi.

Shekara talatin da ɗaya Herminia tana sharar kasuwa. Mijinta ya ƙetara iyaka neman aiki tun 'yarta ta uku na goye, daga nan ko wasiƙa. Da tsintsiya ta rene su duka. Bayan kasuwa akwai wani kwazazzabo, kuma duk mai sharar kasuwa ya san buhun da ke motsi. Ita ke kwancewa, ita ke binne kwiyakwiyan da suka riga suka mutu, ita ke yawo da sauran a kwali tana neman mai so. Ba ta taɓa yi wa kowa wa'azi a kai ba.

Zuwan ƙungiyar na farko, shekara shida ke nan, an yi awa guda ana jawabi a lasifika, an manna takardu a kowane bango. Karnuka goma sha huɗu aka kawo, tara sun karya kumallo. Kowa aka tambaya sai ya dafa ƙirji ya ce, "Bai ci komai ba, likita, waina ce kawai." Tun daga ranar Herminia ta daina dogara da kunnen mutane, ta koma kwashe karnukan da kanta kafin a hura wuta. Bara sittin da uku ta kai. Yanzu sai a yi wata biyu ba ta ga buhu a kwazazzabo ba.

Guda ɗaya ce ta gagare ta: Canela, jar karyar Don Fulgencio Arreola, tsohon makiyayin awaki da ke gidan ƙarshe a kan tudu. Matarsa Remedios ce ta mutu ta bar masa ita, ya ce ba mai sa mata wuƙa. Sau biyu take haihuwa a shekara. A ta ƙarshe Herminia ce ta sa hannu ta zaro ɗan da ya maƙale, karyar ta kwana huɗu ba ta ɗaga kai ba. Wani cikin kuma, kabari ne. Sai ranar Lahadin da ta wuce, a ƙofar coci, tsohon ya ce ya yarda.

Da ta iso gidansa, hayaƙi ya riga ya tashi.

"Don Fulgencio, wannan hayaƙin fa?"

"Kofi ne, Doña Herminia. Ko shi ma likitocin naki sun hana?"

"Canela ta ci?"

"Ko ƙwayar masara."

Ta durƙusa, ta wage bakin karyar, ta sunsuna, ta ɗago ta zuba masa ido.

"Tsofai-tsofai da kai, za ka shiga wuta a kan waina ɗaya."

"To waina abinci ce? Ta farko ce fa! Shekara takwas Remedios ba ta taɓa sa loma a baki ba sai ta jefa mata. Ni ne zan fara fashi?"

"Da ƙarfe nawa?"

Ya sosa ƙeya. "Ana buga ƙararrawar ƙarfe shida."

A filin ƙwallon kwando, ƙarƙashin rumfar kwano, an jera tebura an shimfiɗa fararen ƙyallaye. Likita Itzel Barragán, shugabar tawagar, tana duba karnuka ɗaya bayan ɗaya. Suna cikin layi tsohon ya matso yana raɗa.

"Ki yi shiru kawai. Wa zai sani?"

"Huhunta zai sani," in ji Herminia. Da layi ya zo kansu ta ce, "Likita, wannan ta ci waina ɗaya da ƙarfe shida."

Likita ta duba agogo. "Sai ƙarfe biyu ke nan, ita ce ta ƙarshe. Ƙarfe huɗu motarmu za ta tashi, hanyar dutsen nan ba a bin ta da duhu. In ta sake lasar ko romo ne, sai baɗi."

"Baɗi babu Canela. Ba za ta lasa ba."

Faɗa ba wuya. Ranar aikin karnuka filin nan kasuwa yake zama: masu dafaffen ƙullin masara a ganye, masu soyayyen nama, masu gasa masara, kuma babu mai iya tauna abu kare na kallonsa bai jefa masa ba. Herminia ta damƙa sauran karnukan a hannun ƙawarta Ofelia, ta ɗaura igiyar Canela a ƙugunta, ta kife bokiti a can kusurwa ta zauna, tsintsiya a kan cinya. Ta nuna wa tsohon gefenta.

"Zauna. Tunda kai ka jawo, yau kai ma ba ci."

"Ni ma fiɗiye ni za a yi?"

"Da an yi shekara hamsin da suka wuce, da garin nan ya huta."

Wajen sha ɗaya Leobardo mahauci ya biyo da kwanon ƙashi. "Doña Herminia, an yi miki ƙarin girma ne? Daga shara zuwa gadin karya!" Ya cillo guntun ƙashi. Tun yana sama ta make shi da tsintsiya, ya koma ya faɗi a ƙafarsa.

"Ɗauki kayanka, Leobardo. Naman da kake sayar wa mutane ma ban yarda ta ci ba."

Aka kwashe da dariya. Daga nan masu wucewa suka riƙa ɓoye abinci a baya in sun zo kusurwar.

Rana ta take, Canela tana kuka ƙasa-ƙasa, tana shinshinar kan Don Fulgencio duk lokacin da ya sunkuya. Herminia ta lura sau ɗaya, ta lura sau biyu.

"Cire malafar."

"Rana fa, Doña."

"Cire."

A naɗe cikin malafar, waina ce guda. Ya ce tasa ce, ta rana. Ta karɓe ta sa a aljihun riga. Ita ma tun asuba ko ruwan kofi bai ratsa maƙogwaronta ba.

Ƙarfe biyu da 'yan mintuna aka ɗora Canela a tebur. Tsohon ya juya baya yana murza malafa a hannu. Aikin ya fi na sauran daɗewa. Da likita ta fito tana cire safar hannu, kansa ta nufa.

"Don Fulgencio, mahaifar ta riga ta fara tara mugunya. Ko ba ciki, da ba ta kai damina ba. Ka gode wa wadda ta tsare ta."

A fatar cikin karyar, kusa da ɗinkin, an ja ɗan koren layi, shaidar da ake yi wa duk wadda aka gama da ita. Tsohon ya taɓa wurin da yatsa ɗaya, ya gyara murya zai fara jawabi.

"Adana bakin," in ji Herminia. "Kama hannun baro ɗaya."

Suka shimfiɗa tsohon mayafin Remedios a ciki, suka kwantar da ita, suka tura har kan tudu, suna kauce wa duwatsu. Herminia tana can kan tudu aka kira sunanta a lasifika ana godiya, karnuka saba'in da ɗaya a yini guda. Ba ta ji ba, da Ofelia ta ba ta labari kuma cewa ta yi, "Na gidan Leobardo biyu ba su zo ba."

Mota ta tashi, mutane suka watse, suka bar filin da ganyen masara da auduga. Ana naɗe igiyoyi sai ga Herminia ta dawo da baro. Ta zaro wainar nan daga aljihu, ta bushe ta ƙandare, ta cinye ta a tsaye, ta karkaɗe hannu, ta ɗauki tsintsiya ta fara daga kusurwar da suka yini.