Ba Bukar da Ramin da Bai Ɓulle Ba

Ranar Alhamis da hantsi labarin ya same ni. Ina zaune a rumfar injin niƙana a Bulumkutu, inji a kwance kwana uku, na jera notuna a kan buhu ina jiran Ba Bukar ya zo ya ƙarasa mini gyara. Duk keken da ya wuce sai na ɗaga kai. Sai ga wata mata da ban sani ba ta yi sallama, ta ce ita ce Fanna, 'yarsa.

"Ya Amsa, Baba ya rasu tun Litinin bayan isha'i. Ƙirji ne. Jiya aka yi uku. Ki yafe mu, ba mu san inda kike ba."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. An yi masa wanka, an kai shi, an yi addu'a a can garinsu Dusuman, ni ina nan ina jin haushin ya makara. Ban ga laifin kowa ba. Ni ba dangi ba ce, wa zai tuna da ni?

Ta miƙo mini wani tsumma a ƙulle. Ta ce, "Ya ce a kai wa mai injin Bulumkutu, wai saura auta. Mun ɗauka zafin ciwo ne."

Ba zafin ciwo ba ne. Bari in faɗa muku.

Ba Bukar abokin maigidana ne, Allah ya ji ƙansu duka. Da maigidana ya rasu ya bar ni da yara huɗu da injin nan, 'yan gaisuwa suka yi sati suka watse. Ba Bukar ne kawai bai daina zuwa ba. Duk Juma'a zai jingine kekensa, ya gaishe ni da yarenmu, "Wushe, Ya Amsa," ya zauna a benci ya kasa kunne ga inji. Ba ya hira. Wani lokaci sai ya sha ruwa ya tafi. Amma shekara goma sha ɗaya, duk sati na san akwai wanda zai zauna a bencin nan.

Aikinsa yanka zare a cikin ƙarfe. Kun san noti ba ya kama sai ramin da zai shiga yana da zare. Jijjigar inji kuwa tana cinye zaren. To akwai ramin da ya ɓulle ta ɗaya gefen, wannan ba wuya, garin ƙarfen yana zubewa da kansa. Akwai kuma wanda bai ɓulle ba, mai gindi kamar turmi. Irinsa ne a jikin injina. Garin ba shi da inda za shi, sai ya taru a ƙasa.

Ƙarfen yanka zaren, tab suke ce masa, guda uku ne a tsummansa. Mai tsinin baki ya sa masa suna yaya, sai na tsakiya, sai mai dakushin baki, shi ne auta. Yana cewa, "Yaya buɗe hanya kawai ya iya. Auta ne ke kaiwa ƙasa." Kafin ya fara sai ya zura tsinken tsintsiya ya auna zurfi, ya ɗaura zaren ɗinki a jikin tab ɗin daidai wurin. Ya ɗiga kananzir. Ya juya gaba kaɗan, ya dawo baya, ya sake gaba. Jim kaɗan ya fitar da shi gaba ɗaya, ya rufe ido ya hura ramin da famfon keke.

Wata shekara, ana gobe jajibirin Sallah, mata sun cika rumfa da kwanuka, shi kuma yana ta wannan gaba da bayan. Aka kira azahar, ya bar tab a rami ya tafi masallaci. Na ce me ke cikin juyi, ai ni ma ina tuƙa tuwo. Na kama na yi ta juyawa gaba. Na ji ya yi tauri, na ƙara ƙarfi. Sai ƙas! Rabi a hannuna, rabi a cikin rami.

Da ya dawo ya daɗe yana kallo. Na so ya zage ni in huta.

"Ya Amsa, kin ji ya yi tauri?"

"Na ji, Ba Bukar."

"To magana yake miki. Cewa yake na iso, ke kuma kika ce ƙarya yake."

Mata suka kwashe kwanukansu suka tafi wani layi. Kwana biyu ya yi a durƙushe da ɗan kurfi kamar allura yana ɓantarar guntun nan, ranar Sallah ma daga idi nan ya zo. Da ya gama na ce na rantse ba zan ƙara taɓa kayansa ba. Ya ce, "A'a, yanzu ne ma za ki taɓa. Wanda bai taɓa karyawa ba bai san inda ake tsayawa ba." Ya sa mini mariƙin tab ɗin a hannu. Tun daga ranar, duk ramin da zai yanka sai na yi juyi biyu uku yana kallo.

Wannan karon, ranar Litinin, ya riga ya wuce da yaya da na tsakiya, yamma ta yi, ya ce sai Talata. Na kwance tsumman da Fanna ta kawo. Auta ne a ciki, har ya ɗaura masa zaren awo.

Masu gyaran bakin titi sun ce in kawo su yi walda. Shi kuwa ya sha gaya mini ƙarfen jikin injin nan wuta tana tsaga shi, in ya tsage shi ke nan. In kuma na karya auta a ciki, babu mai durƙusa mini kwana biyu. Abincin yarana yana cikin ramin nan da bai fi yatsana ba.

Juma'a da safe na yi bismillah na zauna ni kaɗai. Kananzir. Gaba kaɗan, baya. Na fitar, na rufe ido, na hura. Na mayar da shi, na sake kamawa. Zaren awon ya matso bakin rami, ya matso, sai na ji ya yi tauri. Wallahi zuciyata ta ce ƙara ɗan kaɗan. Na tsaya. Na dawo da shi baya a hankali har ya fito lafiya.

Noti ya shiga ya kama gam. Na tayar da inji ya ɗauka. Na juya wajen benci zan ce, "Ba Bukar, ka ji?"

Kwanon ruwansa ne kawai a wurin. Ni na ajiye tun da safe, na manta.

Ya Allah, ka ji ƙan Ba Bukar, ka yafe masa, ka yalwata masa makwancinsa, ka sa masa haske a ciki. Yadda bai bar ni ni kaɗai ba, kar ka bar shi shi kaɗai. Ka ba Fanna da 'ya'yanta haƙuri, ka haɗa su da mai leƙa su ko da ranar Juma'a ce. Mu da muka rage, ka sa mu cika da imani. Amin.