An Ɗauke Ta, Baba

Shekara arba'in ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Tankari, kuma har yau in aka tambaye ni aikinsa sai in yi ta kame-kame. A zamanin Nasara shi ne mai kula da ma'aikata a biro, wato ofishin kumandan, Baturen mulki na Dogon Dutsi. Haka muke faɗa a gida, mu tsaya nan.

Bana 'yata Rakiya ta nemi irin wannan aiki a wani kamfani. Sun ce sai mai difilom, mai jin Faransanci da kwamfuta, wanda ya san dokar aiki, ya iya sauraron mutane da riƙe sirri. Tana so ta faɗa wa masu ganawa da ita cewa gado ta yi, shi ne ta ce in gaya mata gwanintar kakanta.

Baba ya ɗan taɓa lakwal, wato makarantar boko, Faransancinsa kuwa na lallaɓa ne. Abin da ya iya shi ne sanin mutane. Daga Ɗan Kassari har Dogon Kiriya ya san gidan da ke da maza uku da wanda ke da tilo, ya san mai ƙarfi da mai yin tari na ƙarya don a bar shi. In kumandan ya ce a kawo majiya ƙarfi aikin hanya, aikin tilas da ba a biya, Baba ne ke zaɓa. Wasu sun ce ya sha kuɓutar da tilon ɗa. Amma kowane wanda ya bari, wani ne ya tafi a madadinsa. To, wannan gwaninta zan kira ta ko me?

A lokacinsa in aka ce an ɗauki mutum, gidansu kuka ake yi, samari har rumbu suke shiga su ɓuya. Yau yara ne ke bin biro-biro suna roƙon a ɗauke su. Da zai gani, ban sani ba ko dariya zai yi ko shiru.

Ban ba Rakiya amsar kirki ba, ta tafi haka nan. Da ta kira ta ce an dace, sai na shiga ɗakin Gwaggo Hajo, ƙanwar Baba, wadda tsufa ya fara rikitawa, na ce mata, "Gwaggo, albishirinki, an ɗauki Rakiya."

Ta riƙe mini hannu gam. "Wa yaɗ ɗauke ta? Tankari na? Ka ce mishi mijina da yak kai bai komo ba, shi bar min wagga."

Ban taɓa sanin har mijin ƙanwarsa ya zaɓa ba. Adalci ne ya hana shi tsame nasa, ko tsoron kumandan? Ina ƙaunar Baba, ina yi masa addu'a kullum, amma wannan ta fi ƙarfina. Abin da na iya gaya wa Rakiya kawai shi ne, duk sunan da ya zo gabanta a biro, akwai mai jiran sa a gida.