Kitson da Inna Ta Bari Rabi

Shekara talatin da biyu Inna Mai Kitso ta yi tana zama a kan kujerarta 'yar tsugunno a bakin ɗaki, da tsinke da mataji da gwangwanin mai a gefe. A da, mace kan ɗora kai a cinyarta ta zazzage mata duk abin da ke cikinta. Yanzu kowacce sai ta sunkuya tana latsa waya, tsaga ta karkace, Inna ta tsefe ta sake. Takan ce ta gaji da hira da ƙeya.

Na waje tana iya haƙuri da su. Autarta ce ke ƙona mata rai. Auta aikin ofis take yi, ba a ganinta sai Lahadin ƙarshen wata, shi ma kitso ne ke kawo ta.

A wannan Lahadin Inna na da magana. Likita ya ce za a yi mata aiki a hannun dama ranar Alhamis, kuma tsoro take ji. So take Auta ta raka ta.

Sau uku tana faɗa. Na farko Auta ta ce uhm. Na biyu ta ƙyalƙyale da dariya saboda wani bidiyo. Na uku ta ɗaga yatsa wai a jira ta, tana amsa saƙo.

Inna ta ajiye tsinke. An yi layi shida, saura shida.

"Tashi."

"Haba Inna, ai ba a gama ba."

"Me na ce miki yanzu?"

Auta ta yi 'yan kame-kame, ta ce ba maganar tsadar man kitso ba ce?

"Da hannun da ko cokali ba ya riƙewa nake miki kitso. Ke naki biyu lafiyayyu, kin ba wannan abar. Je ki, ta ƙarasa miki."

Sai a lokacin Auta ta ga kumburin da ke hannun Inna. Ta kife wayar a tabarma, ta fara tambaya ko me ya samu hannun. Inna ta buɗe baki za ta faɗa karo na huɗu, sai wayar ta yi ƙara. Idon Auta ya koma kan wayar, ɗan kallo kaɗan, amma Inna ta gani. Ta kwashe kayanta da hagu ta shige ɗaki ta turo ƙofa.

Maƙwabciya ce ta raka ta asibiti ranar Alhamis. Ita ce kuma ta tura wa Auta saƙo, bayan an fito da Inna daga ɗakin tiyata.