Aron Jirgin Direba

Shagon Tela ƙuntataccen ɗaki ne a ƙarƙashin bene, da keken ɗinki ɗaya, da benci, da ƙusoshi a bango inda yake rataye kayan mutane. A nan ya tsufa, a nan ya aurar da 'ya'yansa. Autarsa ce ta saka masa wasan kamun kifi a waya domin ya rage kaɗaici bayan rasuwar mahaifiyarta. Bai taɓa gwanancewa ba, amma 'yan wasan suka lura ba ya ƙarya, ba ya gaggawa, sai suka ɗora masa shari'ar aro.

A wasan, mutane sukan ba juna aron jirgi da taru, sau da yawa kuma mai karɓa ya ɓace da su. Tela ya kafa doka. Mai bayarwa da mai karɓa za su kawo 'yan mutanensu na cikin wasan, su zauna a ƙofar bukkarsa da ke cikin wasan. Mai karɓa zai ajiye fitilarsa jingina, wanda kuwa ba shi da fitila ba ya wuce bakin gaɓa zuwa zurfin teku. Ba a mayar da fitila sai su biyun sun sake zama, mai kaya ya ce ya karɓa.

Cikin 'yan wasan akwai Direba, maƙwabcinsa na zahiri, mutum mai tsokana. Tun da Tela ya ɗinka masa wando ya ɗangale yake kiransa Sarkin Ɗangale. Ya dawo da wandon a ƙara masa tsawo, aka rataye shi a ƙusa, kullum sai gobe. Direban nan ne ya ba wata ma'aikaciyar jinya, wadda ake kira Nas, aron jirginsa. Ba a jima ba motarsa ta kife, ya rasu.

Bayan an share makoki, Nas ta nemi fitilarta, ta ce a shirye take ta mayar da jirgin ga duk wanda Tela ya nuna. Ya ƙi. Ya ce dokar ba ta bar wannan ƙofa ba, idan kuma ya buɗe ta, gobe kowane maci amana zai kashe mai kaya da baki.

"To, Baba," in ji ta, "sai ka aika a kira shi."

Maganar ta tsaya masa a rai. Fitilar tana nan a bukkarsa tana ci, shi kuwa ya daina son kallonta.

Wata rana da hantsi, yana taka keke, wayar tana jingine da gwangwanin maɓallai, sai ya ga ɗan mutumin Direba na cikin wasan, mai rawayar hula, ya fito daga bakin ruwa, ya zo ya zauna a mazaunin mai kaya. Tela ya ɗauke ƙafa daga keken. Ya kira matar marigayin, ta ce wayar mijinta ta ragargaje a haɗarin, tana ƙulle a leda cikin durowa, kuma babu wanda ya san lambobin sirrinsa, ko ita. Hayaniyar titi ta yi masa nisa, kamar an toshe masa kunnuwa.

Duk da haka, doka doka ce. Ya aika wa Nas ta shigo. Ta zo, ta ajiye jirgin, ta zauna a mazaunin mai karɓa. Tela ya rubuta tambayar da ya saba:

"Mai kaya, ka karɓa?"

Sannan amsa ta fito.

"Na karɓa, Sarkin Ɗangale."

Ya miƙa wa Nas fitilarta, ta fice nan take. Mai rawayar hular bai tashi ba. Yana zaune, yana fuskantarsa.

"Saura wandona," in ji shi.

Tela ya waiwaya a hankali. Wandon yana nan a ƙusarsa, ƙura ta hau ƙugunsa. Ya sauko da shi, ya kakkaɓe, ya warware lafin, ya ƙara tsawon, ya goge. Sai da ya ninke shi ya ɗaga ido, ya ga mazaunin babu kowa, babu jirgin.

A ranar ya kai wa matar wandon, ya kuma sanar da 'yan wasa cewa daga yau mutuwa tana warware aro. Har yanzu shi ne alƙalinsu. Sai dai abokan cinikinsa suna mamakin yadda ya daina barin kayan kowa ya kwana a ƙusa.