Ciyawar Da Na Dasa A Gonar Aro

A lokacin ina saurayi ɗan shekara ashirin da huɗu, ina koyarwa a wata firamare kusa da Ƙarfi. Mahaifina ɗan tireda ne, a Funtua na tashi, ban taɓa riƙe fartanya yini guda ba. Abin da na sani shi ne littattafan soyayya, su nake saye duk ranar kasuwa, har na zama duk abin da na kalla sai zuciyata ta ƙawata shi fiye da yadda Allah ya yi shi.

Da haka na tara yaran garin muka kafa ƙungiyar ƙwallo, ba don riba ba, sai don su daina zaman bakin titi. Ba mu da mai ɗaukar nauyi. Da kaka yaran kan yi ƙwadagon karyar masara da tsinkar auduga, kowa ya yanki wani abu ya ba ma'ajinmu, wani tela da ya girme ni. Filin kuwa gonar wani dattijo ce, yana ara mana ita daga an kwashe amfani zuwa saukar ruwan farko. Ko sisi bai taɓa karɓa ba, yakan ce hayaniyarmu ce ke ɗebe masa kewa.

A shekara ta uku kuɗi suka ɗan taru. Ma'aji ya ba da shawara mu sayi masara mu ajiye ta yi tsada, ribar ta ishe mu ƙwallaye da takalma. Ni kuwa idona ya riga ya ga wani abu daban: kore shar kamar filayen da muke gani a gidan kallo, ƙungiyoyin Malumfashi da Danja suna biya su buga a wurinmu, ana yankar tikiti a ƙofa. Na ce kiri-kiri za mu dasa, ciyawar nan mai yaɗo da ke bakin fadama. Tela ya yi dariya, ya ce malam, da gani alli ne ya rene ni ba garma ba, ya tambaye ni ko na taɓa jin manomin da ya gayyato kiri-kiri gonarsa. Yaran ma suka yi ta kallon juna. Na ce kafin damina za mu tuge ta tas. Da yake ni ne malaminsu, suka bi ni. Dattijon kuwa gyaran fili kawai na ce masa za mu yi, ya sa mana albarka.

Kuɗin suka tafi a hayar amalanke da 'yan garuwa. Ciyawar ta kama nan da can kamar kan mai ƙora. Muka shirya gasa, mutane suka zo, amma filin ba katanga, kowa ya tsaya a gefen hanya ya yi kallonsa kyauta.

Sai da ruwa ya sauka na ga koren da nake mafarki. Tugewar da na yi alkawari ba ta kai ga saiwa ba, cikin 'yan makonni ciyawar ta rufe gonar. Aka sa garmar shanu, duk guntun da aka yanka sai ya zama sabon tushe. Muka zuba sauran kuɗinmu a maganin feshi, ta ƙone ta sake tofowa. Yaran suka yi ta noma kyauta har hannuwansu suka yi kanta, duk da haka masarar dattijon ta tsaya a gwiwa, ta yi rawaya. Abincin gida guda ne na shekara na tsaya ina kallo yana lalacewa.

'Ya'yan dattijon suka so kai ni gaban mai gari, ya hana. Da na je na durƙusa, bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, ɗana, da ka tambaye ni. Ya ce ya yafe, amma gona yanzu ta fi ƙarfinsa, 'ya'yansa ke nomanta, batun aro ya fita hannunsa. Sannan ya tambaye ni ina ɗan ƙaramin golanmu zai riƙa tare ƙwallo bana.

Babu manomin da ya sake ara mana ko taku ɗaya na gona. Yaran suka watse, wasu acaɓa, wasu cirani. Idan muka haɗu har yanzu koci suke ce mini, kuma wannan gaisuwar ta fi zagi yi mini ciwo.

Na gane cewa ban ci kuɗin kowa ba, amma na kashe gumin yara a kan hoton da ke cikin kaina, na kuma ɓoye wa mai gona gaskiya don na san zai hana. Ku masu riƙe da ƙananan ƙungiyoyi, ku saurari wanda ya fi ku sanin ƙasar da kuke takawa. Abin da aka ara muku kuwa, kada ku taɓa shi sai kun faɗa wa mai shi komai, ko da amsarsa za ta rushe muku mafarki.