Malafar Des Ta Ƙi Shiga

Ranar Laraba sha biyu ga watan Yuni, da hantsi, Allah ya karɓi ran Desmond Kowald a zangon matafiya da ke bakin garin Blackall, yana da shekara saba'in da huɗu. Ya ɗora ruwan shayi, ya zauna a kujerarsa yana jira. Ruwan ya tafasa, shi kuwa bai tashi ba. Likita ya ce zuciya ce. Yau kwana ashirin ke nan, Des, har yanzu ban san me ya kamata in faɗa a kanka ba, domin ka bar mini abin da ya ɗaure mini kai.

Ni Glenys, shekara tara da suka wuce mijina ya rasu ya bar mini a-kori-kura da tirelar kwana, irin wadda goshinta ke hawa kan bodin mota, ga shi ko baya ban iya ja da ita ba. Har na yi niyyar sayarwa. Kai ka hana ni. Sati uku kana zuwa da ni filin ƙwallo a Murray Bridge, ina take maka robobin da ka jera, kana cewa, “Sake, ƙanwata, roba ba ta kai ƙara.” Albarkacinka na shiga ayarin tsofaffin da ke gudun sanyi su yi arewa, inda ya fi ɗumi, duk shekara.

Duk wanda ya taɓa kwana zango ɗaya da kai ya san malafarka. Kafin kowa ya tashi, sai ka cire ta, ka tura ƙoƙonta tsakanin leɓen bodi da ƙasan goshin tirela. In ta shiga salin-alin, inci shida sun cika, Allah ya kiyaye hanya. In ta ƙi, babu mai motsawa. Ka sha gaya mana cewa a shimfiɗaɗɗen titi ratar yatsa biyu ma sai ta yi kamar ta isa, amma ranar da mota ta gangara kwari tirela na sama, goshin zai sauko ya daki bodi, wani lokacin har ya finciko mahaɗa, wato ƙarfen da ya haɗa mota da tirela. Na tuna wani mutumin Geelong mai sabuwar mota da ka tsaya a gabansa a bakin ƙofa.

“Baba, kauce mini. Da na'ura aka auna mini ita.”

“To na'urar ce za ta taya ka zama a cikin kwazazzabo? Sauko, abokina, malafa ta ƙi.”

Ya sauko yana ƙunƙuni. Ka kwashe rabin yini kana gyara masa, ko shayi ba ka yarda ya saya maka ba.

Shekara uku da suka wuce tsohuwar motarka ta mutu, ka sayi sabuwa, doguwa mai bodi can sama kamar duk na yanzu. Tun daga nan ka canza. Mutumin da ko rafi ya kawo sai ya ƙetare, ya koma ba ya sauka daga kwalta. Mu bi gajeriyar hanya, kai ka zagaya, ka iso bayan mun gama cin abinci. Muka yi ta yi maka tsiya. Matarka Lorraine ce abin ya fi ci wa rai, domin burinta ɗaya ne, ka mai da ita kwarin Carnarvon inda kuka yi makon farko na aurenku, ta tsohuwar hanyar da kuka bi. Duk shekara sai ka ce baɗi. A gabanmu take cewa, “Tsohon nan tsoro ya kama shi. Ko kududdufi ya gani sai ya ɗauko taswira.” Kai kuwa sai ka yi murmushi ka ce hanya mai nisa ta fi daɗin hira. Ni kaɗai ta taɓa gaya wa abin da ke ranta: tana ganin ka daina damuwa da abin da take so. Ko a safiyar da ka rasu, a kan maganar nan kuka rabu, ba da daɗi ba.

Da aka wuce da gawarka gida, 'yarku Bronwyn ta ce a sa mahaifiyarta a jirgi. Lorraine ta ce tirelar nan ce ɗakinta, a ɗakinta ta zo, a ɗakinta za ta koma. Sai na ajiye tawa motar, na ce ni zan ja taku. Na ɗauko malafarka daga kan kujera don in yi yadda ka koya mini.

Ta ƙi shiga, Des. Na juya ta, na karkata ta, na matsar da motar zuwa wuri mai daidai, ta ƙi. Na sa hannu, yatsa uku ne da kyar. Na duba leɓen bodin, sai ga ƙujewa biyu da aka rufe da fenti. Farko na ce ko tsufa ne ya sa ka manta, sai na tuna sati guda kafin nan ka mai da wani baya saboda inci ɗaya. Daga nan haushi ya kama ni. Ashe mai dokar barci ne ya ɓuge da gyangyaɗi? Ban ce wa Lorraine komai ba, don kada in ƙara mata. Ranar da matan coci suka ɗauke ta wuni, na kai tirelar gareji. Bakanike ya ce ɗaga mahaɗa kaɗai zai sa ta yi tafiya goshi sama, nauyi ya koma tayoyin baya, gyara na gaskiya shi ne a ɗaga jikinta gaba ɗaya daga kan sifirin. Na ce a ɗaga. Malafa ta shiga har da saura. Na dawo ina jin na rufa maka asiri.

Da la'asar Lorraine ta dawo. Ta kama ƙarfen bakin ƙofa, ta ɗaga ƙafa, ƙafar ta tsaya a iska. Ta sake gwadawa.

“Ke Glenys, ƙasar ce ta nitse, ko ni ce na ƙara gajarta?”

Na ruga na ɗauko 'yar kujerar roba na ajiye mata. Ta ja baya. A lokacin na tuna cewa daga kan irin wannan kujerar ta faɗo shekara huɗu da suka wuce ta karye a ƙugu, kuma tun daga ranar ba ta yarda ta taka wani abu sai matakalar nan da ƙafarta ta saba da ita. Inci huɗu na ɗaga ɗakin, matakala ta bi shi sama. Kai da ka fi bakaniken sanin gyaran, ka san haka tun ranar da ka sayi motar, shi ya sa ka ƙi ɗaga tirelar.

Na zauna a ƙasa na gaya mata duka. Ta dubi matakalar ta ce, “Shekara uku ina ce masa matsoraci a gaban mutane. Me ya hana shi buɗe baki, ja'irin tsoho?”

Washegari na koma gareji na ce a sauke ta yadda take. Bakaniken ya dube ni kamar mai taɓin hankali, ban ga laifinsa ba. A aljihun motarka na sami taswirar da muke yi wa dariya, ka sa alamar fensir a kan kowane kwari da kowace gangara daga nan har gida. Ita na bi. Tafiyar kwana huɗu ta zama ta shida, ina lallaɓawa ko a 'yar gangarar mashigar gidan mai.

To ka gaya mini, Des, wanne zan riƙe? Dokarka gaskiya ce, na ga bodin da ya lotse, na ga wanda ya kwana a daji saboda ƙin ji. Ba zan ce wa kowa ya yi abin da ka yi ba, ni kaina ina ganin ka yi kasada, kuma da ka yi magana da wataƙila an sami wata dabara. Amma na kasa ganin laifinka. A Broken Hill wasu ma'aurata suka hangi malafar a hannuna, suka ce sun ji labarinta, in auna musu. Na auna, ta shiga. Mijin ya leƙa tamu ya ce, “Hala taku ta fi ƙarfin malafa?” Lorraine ce ta leƙo ta taga ta ce, “Tamu an auna ta da wani abin daban, ɗana. Kai dai bi malafa.”

Ina miƙa ta'aziyyata ga Lorraine, da Bronwyn da 'ya'yanta, da dukan 'yan ayarinmu da suka yi maka dariya tare da ni. Allah ya ba su haƙuri, ya yafe mana abin da muka faɗa cikin rashin sani. Kai kuma Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya yi maka rahama. Inda za ka shiga, Des, Allah ya sauko maka da matakala daidai ƙafarka, kamar yadda ka yi wa matarka ba tare da ka faɗa ba.