Sunan Baba Illa a Littafin Masu Inabi

A gidanmu, can wani ƙauyen Kurfai da ke bayan Filinge, tatsuniya ba ta farawa sai an gama kai hatsi rumbu. Da an idar da magariba Kaka Tamo takan hura wutar kara a bakin ɗakinta, ta miƙe ƙafarta mai ciwo wajen ɗumi, mu kuma mu kewaye ta. Ni kullum ina daga baya, jikin turmi. Ba na magana, shi ya sa take kirana Bebiya.

Kaka tana da littafi, ita da ba ta taɓa shiga lakwal, makarantar boko, ba. Ƙato ne mai jan bango, naɗe cikin tsohon zane a ƙasan adakarta. Autanta, Baba Illa, ƙanen mahaifina, shi ya aiko da shi daga Faransa tun ban yi wayo ba, ta hannun wani direba da ya sauke shi a kasuwar Baleyara. A tsakiyarsa Baba Illa ya sa busasshen ganye guda, aka ce mata a shafin nan ne hoton gonar da yake tsinkar inabi yake. Daga wannan saƙo ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Littafin masu yin giyar inabi ne, yanki bayan yanki: hoton tuddai, layukan itatuwa kamar an yi musu kitso, tsofaffi riƙe da kwalabe. Mahaifina ya so a ƙone shi. Kaka ta ce, “Ni da na tashi gidan da aka dahwa burkutu, hoton kwalba za ya ba ni tsoro? Ka taɓa shi ka gani.” Bai sake zancen ba.

Duk sauran tatsuniyoyinta da baki take yin su, guda ɗaya ce sai ta buɗe littafin a cinya. Takan ce, “Ga ta nan, daga nesa ta taso, ku ba ta wuri.” Wai wani saurayi ne fari ya kore shi daga gida, ya yi ta tafiya har ya isa ƙasar da ruwa ba ya yankewa. Ya tarar da wani tsoho mai gona a kan tudu, ya kama masa girbi. Tsohon yana da babban littafi. Duk wanda ya yi masa aiki sai ya rubuta sunansa, kuma ranar da aka gama girbi sai ya buɗe, ya kira kowa, ya ɗora masa dami a ka, ya nuna masa hanyar gida. Amma gonar tana da faɗi, girbin bai ƙare ba tukuna. A nan Kaka take tsayawa kullum. In ƙannena suka ce, “Sai me?” sai ta rufe littafin ta ce, “Sai ku tahi ku kwanta.”

Na lura ba ta taɓa kallon tsofaffin da ke cikin hoton. Ƙananan mutanen da ke can baya, sunkuye tsakanin layuka, su take bi da ɗan yatsa.

Ina aji biyar, ranar da na kawo sakamako mai kyau, ta jawo ni gaban wuta.

“Bebiya, an ce yanzu kin iya nasaranci. Duba mini inda an ka sa sunan Illa.”

Na san abin da take tambaya. A wurinta, in sunan yana ciki, ɗanta yana hannun wanda zai sallame shi.

Maraice huɗu na yi ina nema. Mushe, malaminmu, ya koya mana cewa irin waɗannan littattafai suna da jerin sunaye a ƙarshe, na bi shi layi layi, sannan na koma shafin da ganyen yake. An rubuta sunan mai gonar, da na ubansa, da irin ƙasar wurin, da yadda giyar take a baki. A ƙarƙashin hoton har sunan karensa an sa. Na yi tunanin in ɗora yatsa kan wani layi in ce ga shi nan. Ba za ta gane ba. Amma da ta dube ni sai bakina ya ƙi.

“Ba shi ciki, Kaka. Masu gona kaɗai aka rubuta.”

“Duba dai da kyau.”

“Na duba. Ba a sa ko mutum ɗaya cikin masu tsinka ba.”

Ta tura kara guda cikin wuta. Sannan ta ce, “Nan ko gayya an ka yi, sai mai kiɗi ya kira sunan kowa, har wanda ya kawo ruwa.” Ta share hanci da gefen zane. “Ina bik ɗinki?”

Na ɗauko alƙalamin daga jakar lakwal.

“Tunda sun mance, rubuta shi. Inda ya kamata ya zamna, ba a gefe ba.”

Na nemi harafinsa a cikin jerin, na matsa sunan tsakanin na Nasara biyu. Wurin ya yi ƙanƙanta, tawada ta ɗan ratsa takardar. Ta karɓa ta juya shi wajen wuta, ta daɗe tana kallon abin da ba ta iya karantawa. Daga ranar ba ta ƙara yi mana tatsuniyar saurayin ba. Damina biyu bayan haka ta rasu.

Yanzu ina lise, babbar sakandare, a Filinge, littafin yana cikin akwatina. Na daɗe ina jin cewa ni na kashe mata tatsuniya, da na yi ƙarya da ta tafi da ranta a sanyaye. Har yau wani lokaci haka nake ji. Amma na fara ganin cewa ba ruɗin kanta take yi ba. Ta san ba lalle ya dawo ba. Abin da ta kasa ɗauka shi ne a ce ɗanta ya sunkuya a gonar mutane, ya yi gumi, ya ɓace, babu inda aka ce ya taɓa zuwa.

Baba Illa bai dawo ba. Ban san fuskarsa ba, ban san ko yana da rai ba. Shaidar da ta rage cewa ya yi aiki a waccan ƙasa, rubutun yarinya ce 'yar aji biyar, ya ɗan karkace zuwa ƙasa.